An Yanka Maigidana Don a Kori Likita

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Sunana Ramatu. A Filinge aka haife ni, nan nake aure, nan nake matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli. Rubutun Hausa a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, kuma ban taɓa zaton zan tona ciwon mijina da shi a gaban duniya ba, don ciwon na kunya ne, irin wanda maza ke ɓoyewa cikin babban wando har kabari. Sai da na nemi izininsa. Ya ce, "Rubuta. Kunyata ta ƙare bisa gadon likita." Sunansa dai ba zai fito daga bakina ba. In kun ji Arzika a cikin labarin nan, wasu ne suka faɗa.

Maigida maƙeri ne, gadon gidansu. Shi da ƙaninsa Mamman suke riƙe da maƙerar da ke bayan kasuwa, kuma rabin hauyoyin da ke noma gero daga nan har Bonkuku daga hannunsu suka fito. Shekaru da dama da suka wuce wani kumburi ya fito masa a mara, gefen dama. In ya ɗaga masaba ya sauko, in ya kwanta ya danna shi da hannu ya koma da ƴar ƙara kamar ruwa a gora. Gwaiwa ke nan, wadda likitoci ke ce wa harni. Ya riƙa ɗaure ta da tsohon rawani yana aikinsa. Yayarsa Hassi ta kawo sassaƙe iri-iri, wanzami ya yi masa ƙaho, an sha rubutu. Kumburin bai san ana yi ba, kullum ƙaruwa yake.

Mun je asibitin gwamnati. Ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri, za ku ji dalili a gaba. Likitan fiɗarsu hannu biyu gare shi kamar kowa, ga mata masu naƙuda mai gardama, ga waɗanda ake kwasowa jina-jina daga daji. Suka ce ta maigida tana iya jira, aka rubuta sunansa, muka yi ta jira.

Akwai kuma kilinik ta kuɗi, wadda zan kira Mai Bene. Ta wani Alhaji ce ɗan kasuwa da ke zaune a Yamai, wanda bai taɓa riƙe allura ba. Suna da ɗakin fiɗa, bulok suke ce masa, amma kwaɗo ne ke gadinsa shekara da shekaru. Sai mai hali ya biya sannan a kira likita daga Yamai a buɗe. Da maigida ya tambaya, kuɗin da suka faɗa masa ya kai na bijimai biyu. Ya yi dariya, ya ƙara tamke rawaninsa, ya koma maƙera.

Ana haka, da kaka, sai ga Dokta Sumaila. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Damana, ya yi karatun fiɗa ya yi aiki a Yamai, ya ce zai dawo gida ya buɗe ƙaramar kilinik mai ɗakin fiɗa. Ya kama hayar wani tsohon gida a hanyar Abala, magina suka shiga suna fasa bango suna shafa farar ƙasa. Tun ba a gama ba ya ajiye tebur a zaure yana duba mutane. Na matsa wa maigida har muka je.

Ya daɗe yana duba shi. Ya sa shi ya tsaya, ya sa shi ya kwanta, ya sa shi ya yi tari. Sai ya ce, "Baba Arzika, tarin nan tun yaushe?"

"Tarin maƙera ne, likita. Da shi anka haihe ni."

"To shi za mu fara kashewa. Ba a ɗinka mutum yana tari, kowane tari ja ne a kan zare. Gefen dama yana son aiki. Na hagu lafiya lau yake, ba mai taɓa shi. Ka sha maganin nan, ka rage zama cikin hayaƙi, ka ba ni lokaci takardar izini ta fito daga Yamai, injin sa barci ya iso. Bayan aiki kuma wata uku ba kai ba masaba."

Kuɗin da ya faɗa na ɗan maraƙi ne, kuma ya ce ana iya biya kaɗan-kaɗan. Ni na fito da farin ciki. Maigida ya fito yana gunaguni a kan wata ukun.

Ba a yi nisa ba sai Mai Bene ta farka kamar an watsa mata ruwan sanyi. Aka fenti bango, aka cire kwaɗon bulok, aka rataya wani dogon ƙyalle a bakin ƙofa. Mota mai lasifika ta shiga zagaya gari tana shela cewa Alhaji ya tausaya wa talakawan ƙasarmu ta Kurfai, za a yi kampanyin aikin harni, manyan likitoci daga Yamai kowane mako, kuɗin bai kai na tunkiya ba. Ran kasuwar Bonkuku motar tana can, ran ta Damana tana can, har Abala ta je, kuma duk mai so a ɗauko shi kyauta a kamyo, wato babbar motar kaya. Bulok ɗin da ya shekara goma yana barci ya koma aiki safe da yamma.

A daidai wannan lokaci maganganu suka fara yawo a gari. Wai takardun Dokta Sumaila na jabu ne. Wai mutum ya mutu a hannunsa a Yamai shi ya sa ya gudo. Ba wanda ya san bakin da ya fara faɗa, amma a wurin niƙa na ji, a gidan suna na ji, har Hassi ta kawo mana ita da zafinta. Ma'aikacin sa barcin da ya yi alkawarin aiki da Dokta Sumaila, rana ɗaya aka gan shi da sabuwar farar riga a Mai Bene, an ce an ninka masa albashi. Masu bincike suka zo daga Yamai suka duba gidan don wani ya kai ƙara, suka ce a gyara magudanar ruwa. Ya gyara. Aka sake kai ƙara, suka dawo suka ce ƙofa ta yi ƙunci. Takardar izini dai shiru.

Ranar da aka yanke shawara a gidanmu, Hassi ce ta buɗe magana. "Arzika, mi kake jira? Ga likitoci manya sun zo har ƙohwar gida, kai kana jiran yaron da ko takarda ba shi da ita?"

Mamman ya ce, "Yaya, bazara ta kusa. In anka yi maka yanzu, kahin mutane su hwara neman hauya ka warke."

Na ce, "Likitan can ya ce a bari tari ya tsaya. Kuma ni arahar nan ba ta kwanta mini ba. Mutumin da ya nemi bijimai biyu bara, me ya sa bana ya yarda da tunkiya? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Hassi ta ce, "Ke komi sai kin sa mishi zargi. Mutum ba shi tuba ya nemi lada?"

Maigida ya dube ni ya ce, "Ramatu, na gaji da ɗaurin nan. Gobe mu tahi." Magana ta ƙare. Ban ga laifinsa ba, ban ga na Mamman da Hassi ba. Wanda ya shekara goma da kaya tsakanin ƙafafunsa, aka ce masa zo a sauke maka, ba zai tsaya tambayar dalili ba.

Abin da na gani a farfajiyar Mai Bene ran nan, ko a kasuwar dabbobi ta jajibirin layya ban ga irinsa ba. Maza tsofaffi da matasa zaune a ƙasa cikin rana, an hana su ci da sha tun jiya, kowa da lamba a rubuce a bayan hannu. Da lambar ake kiransu. Wani ya fito a kan gadon turawa, kafin a goge gadon an ɗora wani. Likitan da ya duba maigida ko zama bai yi ba. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce da Faransanci wani abu, aka fassara mana cewa gefe biyu za a yi, tunda an shiga gara a gama gaba ɗaya. Na ce an gaya mana hagu lafiya take, kuma yana tari. Wanda ke fassara ya ce, "Madam, ke ce likita ko shi?" Maigida yana tari a gabansu aka tura shi ciki.

Washegari aka sallame mu, don ana son gadon. Yana tafiya a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa muka sa shi a amalanke muka kai shi gida.

Makon farko masassara ce. Jikinsa kamar garwashin maƙerarsa, ɗinkin dama ya yi ja ya kumbura yana sheƙi. In tari ya taso masa sai ya rungumi matashi ya danne mara, hawaye na zuba ba kuka. Na koma Mai Bene na faɗa, suka ce haka yake yi, suka rubuta ordinansi, wato takardar sayen magani, suka ce a farmasinsu kaɗai ake samun maganin. A nan na fara gane inda kuɗin tunkiya ke komawa ya zama na saniya.

Mako na biyu ɗinkin ya fara tsiyayar ruwa, sannan mugunya. Warin ya cika ɗaki har na daina barin yara su shiga, na riƙa turara ɗakin da safe da maraice don kada masu gaisuwa su ji, shi kuma yana kallona ya san abin da nake ɓoyewa. Kullum sai mun je wanke ciwo. A nan dole in ambaci Majo Balki, babbar mai jinya ta wurin, Allah ya saka mata. Idanunta sun yi ja don gajiya, amma ba ta taɓa daka mana tsawa ba, kuma hannunta na da sauƙi. Na roƙe ta ta haɗa mu da likitan da ya yi aikin. Ta ce, "Yaya, ya koma Yamai. Na wannan mako wani ne." Muka jira na wannan mako har la'asar. Ya ɗaga auduga ya leƙa, ya ce ba shi ya ɗinka ba, a jira mai ɗinkin. Na ce yaushe zai dawo? Ba wanda ya sani. Ko sunansa ba wanda ya iya gaya mini. An buɗe cikin mijina an rufe, kuma har yau ban san sunan wanda ya yi ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A bencin wanke ciwo na riƙa ganin fuskokin da na gani ran aiki, kowa riƙe da mara, kowa da matarsa ko ɗansa riƙe da ledar magani. A gefe guda kuma kamyo na ci gaba da sauke sababbi.

Shawarwari kuwa sai wanda ya gani. Hassi ta ce sammu ne na abokan sana'a, a nemo malami. Wata maƙwabciya ta ce a barbaɗa garin bagaruwa. Wani ya ce zuma, wani ya ce kitsen damo. Na hana a sa komai a ciwon, har muka yi kwana biyu Hassi ba ta amsa gaisuwata.

A mako na uku, da hantsi, yana zaune ina ba shi kunu, tari ya sarƙe shi. Ya yi ƙara ɗaya ya ce, "Ramatu, ya ɓalle." Na ɗaga riga na ga ɗinkin ya buɗe baki, zare na reto. Ban tsaya neman kowa ba, na kira mai amalanke na ce hanyar Abala, gidan Dokta Sumaila.

Muka tarar da kamyo a ƙofar gidan, ana loda gadaje sababbi da ko ledarsu ba a cire ba. Dokta Sumaila na tsaye da tsohuwar riga, ya rame. Da ya gan mu bai ce ai na gaya muku ba. Ya sa aka sauko da gado ɗaya daga kamyon, aka mayar da shi ɗakin da ba komai a ciki sai farar ƙasa, ya wanke hannu ya duba. Da ya ga ɗinkin hagu sai ya tsaya, ya rufe ido, ya girgiza kai. Ya wanke ciwon, ya cusa auduga, ya ɗaure, ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗaki marar kaya, mu shirya zuwa Yamai, kuma in ya fara amai ko ciki ya kumbura kada mu jira komai.

Na ce, "Likita, ina za ka?"

Ya ce, "Mai gidan ya sayar da shi, Inna. An ba ni wa'adi in fita."

"Wa ya saya?"

Ya dube ni kawai, na gane Alhajin Mai Bene ne. Sai ya ce, "Ko ba a sayar ba, wa zan yi wa aiki? Duk mai harni daga nan har Abala an yanka shi cikin wata biyu, har da wanda ba ya buƙata. Banki ta ba ni bashi ne don ta ga akwai marasa lafiya. Yanzu in na buɗe, sai in zauna ni da gadaje. Sun san ba sai sun fi ni iya aiki ba. Su dai su kwashe mutane kafin in buɗe ƙofa, su riƙe numfashi har in shaƙe. Asarar da suka yi a watannin nan, shekara ɗaya ta ishe su su mayar."

Maigida na kwance yana ji. Ya ce, "Ashe mu itacen wuta munka zama."

Dokta Sumaila bai karɓi ko dala ba. Ya bar gari a ranar.

Ba a rufa mako ba muka je wanke ciwo muka tarar an sauke ƙyallen bakin ƙofa. Farfajiya wayam, ba kamyo, ba lasifika. Kwaɗo ya koma ƙofar bulok. Mai sa barcin nan da aka ninka wa albashi, an ce an sallame shi. Na bar maigida wurin Majo Balki na hau bene, ofishin jeran, wato yaron Alhaji mai kula da kilinik. Yana zaune cikin sanyin na'ura yana danna waya.

Na ce, "Ina likitan da zai gyara ɗinkin mijina?"

Bai ɗago ba ya ce, "Kampanyi ya ƙare, Madam."

"Ciwon bai ƙare ba."

"In kuna son a sake aiki, sai a kira likita daga Yamai, kuɗinsa kuma na da ne. Wancan taimako ne Alhaji ya yi, sadaka. Sadaka ba ta da garanti."

Ban san sanda na buga tebur ba. Na ce, "Garanti? Rediyo ce na kawo muku? Mutum ne, da ƙafarsa ya shigo gidan nan, yana ɗaga ƙarfen da kai da ubangidanka ba ku iya motsawa! Kun yanka inda ke ciwo, kun yanka inda ba ya ciwo, kun tura shi gida kamar buhu. Sadakar da ta fara ran da wani likita ya zo gari, ta ƙare ran da ya tafi, wace irin sadaka ce? Ku faɗa wa Alhaji, in lada yake nema, ga ta can ƙasa tana zubar da mugunya, ya zo ya ɗauka!"

Ya kira mai gadi. Ina saukowa ina faɗa da ƙarfi don duk wanda ke bencin ya ji. Wasu suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta ce, "Hwaɗi, ɗiyata." Mai gadin da ya fitar da ni ɗan unguwarmu ne, yana ja na yana ba ni haƙuri. Na tsaya a bakin ƙofa na ce Allah ya isa, kuma ban janye ba har yau.

Muna cikin haɗa abin tafiya Yamai, na sayar da awakina da tukwanen suyata, sai abin da Dokta Sumaila ya faɗa ya auku. Da safe maigida ya fara amai kore, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ba iska ba bayan gida. Mamman ya ɗauke shi a kafaɗa kamar yaro muka yi asibitin gwamnati. Ba su tambaye mu don me muka je wani wuri ba. Suka sa masa ƙarin ruwa, suka zura masa roba ta hanci, likitan ya ce hanji ya shiga ɗinkin da ya ɓalle ya maƙale, ga ciwon ya ruɓe, sai babban asibiti. Shi da kansa ya yi ta buga waya har aka sami ambilansi. Da ba don su ba, da a ranar na zama mai takaba.

Hanyar Yamai, wanda ya sani ya sani. Kowane rami sai maigida ya yi nishi, kowane shinge sai an tsaya an leƙa. Ina riƙe da ledar ƙarin ruwa sama da kaina har hannuna ya mutu, Mamman na gaba yana ta salati. Da muka wuce Baleyara maigida ya daina amsa kira, na riƙa sa kunne a ƙirjinsa.

A Yamai aka shiga da shi kai tsaye. Likitar da ta yi aikin mace ce, babba, mai furfura. Da ta fito ta zaunar da mu ta ce an yanke masa hanji taƙi guda da ya mutu, an cire wata raga da aka ɗinka masa a ciki wadda ta zama gidan ƙwayar cuta. Kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa har na riƙe ta, anfeksiyo, wato ruɓewar ciwo. Sai ta tambaya, "A ina aka yi wannan aikin?" Muka faɗa. Ta yi tsaki ta ce, "Ba ku ne na farko ba. Gefen hagu kuwa na duba, ban ga abin da aka je nema ba."

Kusan wata biyu muka yi a can. An bar ciwon a buɗe don ya cike daga ciki, kullum sai an wanke, kullum sai ya ciji zane. Ni a baranda nake kwana tare da sauran masu jinya, damina ta sauka a kanmu, in ruwa ya zo mu tattara tabarmi mu tsaya a jikin bango. Layin farmasi, layin gwajin jini, layin ɗiban ruwa, duk na san su. Akwai wata Bazabarma mai jinyar ɗanta, ba ta jin Hausa ni ba na jin Zabarmanci sosai, amma ita ta riƙa raba tuwonta da ni, in ta ga na zauna na yi tagumi ta dafa ni ta ce, "Kala suru," wato sai haƙuri. Ban san inda take yanzu ba. Allah ya kai ladan gare ta.

A barandar nan na gamu da Mariyama, ƴar Abala. Mijinta makiyayi ne, a kamyon Mai Bene aka ɗauko shi daga kasuwa, a mako ɗaya aka yi musu aiki da maigida. Shi ya koma ruga, nesa da kowa, sai da ciwon ya ci ƙarfinsa aka kawo shi. Kwana kaɗan ya yi ya rasu. Na taya ta naɗe tabarma. Ta ce mini kumburinsa bai fi ƙwan zabuwa ba, bai taɓa hana shi bin shanu ba, araha ce ta sa ya ce bari a cire. Ta bar ni da wannan maganar ta bi gawa.

Dokta Sumaila ya zo ya gaishe mu sau ɗaya. Ya ce yana aiki a kilinik ta wani yana biyan banki kuɗin gadajen da ba wanda ya kwanta a kansu. Na ce ko zai dawo Filinge? Ya ce, "Inna, in na dawo, za su sake yi, kuma wasu za a yanka."

Mun dawo gida gero ya fara fitar da kai. Mamman ya shuka mana gona, shi ya riƙe maƙera shi kaɗai, amma lokacin hauya ya wuce, masu saye da yawa sun koma wani wuri. Hassi ta tarbe mu da kuka, ta riƙe hannuna, na ce mata ya wuce. Maigida ya rayu, alhamdu lillahi, yana ci yana sha yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Amma likitar ta ce shi da masaba har abada. Yanzu a maƙera yake zama a kan kujera yana nuna wa Mamman inda zai buga. In ƙarfe ya yi ja sai in ga hannunsa na dama yana motsi shi kaɗai a kan gwiwa.

Gidan hanyar Abala yana nan. Siminti Alhaji ke ajiyewa a ɗakin da aka shirya don fiɗa. Mai Bene ma tana nan, bulok a rufe, kuma na ji an ce kuɗin aikin yanzu ya wuce na da.

Don haka nake rubuta wannan. In kuka ga wanda ya shekara yana tsawwala muku ya wayi gari yana rabon araha, ku waiga ku ga wa ya shigo gari. Kafin ku kwanta a gadon kowa ku tambayi sunan mai riƙe wuƙar, ku tambayi inda za ku same shi bayan mako biyu, in ba a ba ku amsa ba ku ɗauki takalmanku. Su kuma masu sa hannu a takardu, da suka iya zuwa sau biyu duba magudana da auna faɗin ƙofar Dokta Sumaila, ina suke sa'ad da ake kiran mutane da lamba kamar raguna? Ƙofa suka gani, ba su ga farfajiya ba?

Ran kasuwar da ta wuce na kai wa maigida fura a maƙera, na tarar da wani tsohon abokin cinikinsa, Malam Garba, manomi daga wajen Bonkuku. Ya jira Mamman ya tafi sayen gawayi, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya. Ina juyawa zan tafi maigida ya ce, "Ramatu, tsaya. Garba, hwaɗi gabanta, ta hi ni sanin hanya." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce shi ma gwaiwa gare shi, kuma ta fara ƙin komawa, jiya sai da ya daɗe a kwance yana dannawa. Na zauna na gaya masa duk abin da na sani: kada ya yarda da wannan, kada ya kwanta wa wancan, ya tambayi kaza, ya lura da kaza. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji, uwar gida. To ina zan tahi?"

Na shiga lissafa wuraren a zuciyata. Mai Bene ta fi ƙarfinsa ko da ya sayar da gona. Na gwamnati layi ne, kuma tasa ba ta jira. Yamai kuwa ko kuɗin mota ba ya da shi sai an yi girbi. Wanda zai yi masa a nan, da hankali, da kuɗin da zai iya, an kore shi.  Malam Garba ya miƙe a hankali, ya ce sai wata kasuwa, ya tafi yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan mijin Mariyama, ya saka wa duk wanda ya ba mu ko da ruwan sha. Wanda kuwa ya zauna ya yi lissafi da cikin mazajenmu, ni Ramatu ban yafe ba.